Fita da yara shan iska a Abuja: Abin da ya kamata ka sani

Mai karatu, yaushe rabonka da fita da yara su yi guje-guje a kan ciyawa? A gidajen haya na Kubwa da Nyanya, yaro kan wuni cikin ɗaki yana latsa waya. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar motsa jiki na awa 3 a rana, kallon waya ko talabijin kuwa kada ya wuce awa 1.

Asabar mai zuwa ka gwada Millennium Park da ke Maitama, wanda Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta buɗe a Disambar 2003. Fili ne mai faɗi, ga ciyawa ga inuwar bishiyoyi.

Ku tafi bayan la'asar, musamman a zafin Maris da Afrilu. Ku riƙe tabarma da ruwan sha isasshe, a riƙa ba yara tun kafin su nema.

Amma a kula, akwai rafi da ya ratsa wurin. Ƙaramin yaro kan nutse a ruwa kaɗan, ba tare da ko ihu ba. Don haka kai da uwargida ku raba aiki, kowa ya san yaron da yake sa wa ido, ku ajiye waya. Kafin magariba ku kama hanyar gida, saboda sauro.