Yadda Ake Kula Da Fatar Mariƙin Sandar Sunuka

Duk wanda ya zaga unguwannin da 'yan Arewa suka fi zama a Kudu, kamar su Agege da Idi-Araba a Ikko, ko Sabo ta Badun, da wuya ya rasa ganin samari da yamma sun kewaye tebur mai koren ƙyalle, kowa riƙe da doguwar sanda yana auna ƙwallo. Ga waɗansu wasa ne na rage dare, amma ga mai teburin sana'a ce, da ita yake biyan kuɗin ɗaki, da ita kuma yake aika wa iyali ɗan abin cefane a gida. To, sanda mai kyau daga ƙasashen waje ake kawo ta, tana kuwa da tsada, kuma wurin da ya fi saurin lalacewa a jikinta, in an ɗebe bakinta, shi ne mariƙi, watau inda hannu ke kamawa.

Ko da yake jama'a sun haɗa wasannin duka suna ce musu sunuka, a gaskiya iri biyu ne. Sunuka ta ainihi sojojin Ingila ne suka ƙago ta a garin Jabalfur na ƙasar Indiya cikin 1875, ana yin ta da ƙwallo 22, kuma sandarta galibi itace ne zalla ba a naɗa mata kome. Ɗayan wasan shi ne na Amurka, wanda suke kira ful, mai ƙwallo 15 masu lamba da fara guda ɗaya. Sandar wannan ce ake yi wa mariƙi. Tsawonta yakan kai inci 58, nauyinta kuwa daga oza 18 zuwa 21, watau rabin kilo da ɗan ɗoriya. A wajen gindinta akan naɗe misalin inci 12 da zaren lilin ko kuwa da fata, don kada hannu ya zame.

Sha'anin fata ba baƙon abu ba ne ga mutumin Arewa. Fatar jar akuya ta Sakkwato da Kano ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko domin ta can take isa gare su. Amma akwai bambanci tsakanin fatar jaka ko ta kube da wadda ke jikin sanda. Ta sanda an fere ta ta yi siriri ƙwarai, kaurinta bai fi rabin milimita da kaɗan ba, sa'an nan ba ɗinka ta aka yi ba, manna ta aka yi da gam a jikin itace, aka haɗa bakinta biyu a tsaye. Saboda haka duk abin da ya ratsa fatar, ko ruwa ko mai, kai tsaye zai tarar da gam, in ya wuce gam kuma ya tarar da itace. Wanda ya riƙe wannan a zuciyarsa ya fahimci rabin aikin.

Abokan gaban fata

Na farko shi ne gumi. Gumi yana ɗauke da gishiri da maiƙon jiki. Ruwansa yakan bushe ya bar gishirin cikin fata, a hankali ta ƙandare, maiƙon kuma ya tara ƙura har mariƙi ya yi baƙi yana santsi. Na biyu shi ne allin da ake goga wa bakin sanda. Wannan alli dabam yake da na makaranta. Irin wanda ake amfani da shi waɗansu Amurkawa biyu ne, William Spinks da William Hoskins, suka yi masa rajista cikin 1897, kuma garin dutse ne mai kaifi aka cura. In ya bi hannu ya sauka kan mariƙi ya haɗu da gumi, sai ya riƙa cin fuskar fata kamar yashi.

Na uku, wanda ya fi damun mazauna Kudu, shi ne laima. A Arewa hunturu ne ke busar da fata har ta tsage. A Ikko da Fatakwal da Kalaba kuwa abin ya juye. Fumfuna tana samun wurin zama da zarar laimar iska ta haura kashi 70 cikin 100, a bakin teku kuwa da damina takan zarce kashi 80. Don haka sandar da aka rufe cikin jaka da danshin gumi a jikinta tana iya wayar gari bayan 'yan kwanaki da furfurar fumfuna da wari. Dabarar da mutum ya taso da ita a gida, ta shafa wa fata mai da yawa saboda hunturu, a nan ita ce ke kashe ta.

Yadda ake tsabtace ta

Babban magani shi ne mafi araha. A wanke hannu a tsane shi kafin a fara wasa, musamman bayan an ci tsire ko wani abu mai maiƙo. In an gama wasa a goge mariƙi da busasshen ƙyallen auduga mai taushi, a bar sandar ta sha iska kafin a ajiye ta. Mai teburin haya ya kamata ya rataye ƙyalle a gefen tebur, ya kuma rage zuba hoda, domin hoda in ta sha gumi takan zama kamar ƙullu ta toshe fata.

In dauɗa ta riga ta kama, sai a nemi ƙyalle fari mai tsabta, a tsoma shi a ruwa, a matse shi sarai har ya zama ba ya ɗiga. A goge a hankali daga sama zuwa ƙasa, ana bin tsawon mahaɗin fatar, kada a gitta shi, don kada bakin ya ɗago. Nan take a bi da busasshen ƙyalle. In ruwa kaɗai bai isa ba, a sa ɗan ɗigon sabulu marar kaifi, ko maganin wanke fata da ake sayarwa, amma a kan ƙyalle za a sa, ba a kan sanda ba. Kafin a game ko'ina a fara gwadawa a wani ɗan gefe. Idan launi ya biyo farin ƙyallen, sai a dakata. Bayan haka a bar ta ta bushe a inuwa. Rana da wuta da zafin janareta suna sa fata ta ƙanƙance, gam ya saki, itace kuma ya tanƙware.

In fumfuna ce ta fito, a fitar da sandar waje a kakkaɓe da buroshi mai laushi, a goge kamar yadda aka faɗa, a shanya jakar ita ma, domin can ne irin fumfunar yake ɓoye.

Abubuwan da za a guje wa

A nan ne masu gyaran takalma da masu goge su, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne, ya kamata su yi hattara, don su ake fara kai wa irin wannan aiki. Man goge takalmi ba na mariƙi ba ne: yana sa santsi, yana ɓata hannu, daga hannu kuma ya koma kan ƙyallen tebur, wanda sauya shi ya fi sauya mariƙi tsada. Fetur da kananzir da tina da sifirit suna zare launi su narkar da gam. Garin sabulun wanki da sabulun salo suna da kaifin toka, fatar da aka jeme kuwa ba ta jure wa toka. Man gyaɗa da manja da basilin sukan nutse su sassauta gam, man gyaɗa da manja kuma su ciyar da fumfuna. Sai a yi garin gyaran gira a rasa ido.

Fata tana bukatar mai, amma kaɗan. In ta fara bushewa, ɗan man gyaran fata da bai fi ƙwayar wake ba ya isa mariƙi duka. A murza shi da ƙyalle, a bari ya shiga, a goge ragowar har hannu ya daina jin maiƙo. A Kudu sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar. Wanda zai tafi da sandarsa gida lokacin hunturu shi ne zai ƙara kula da wannan. Har ila yau fatar da aka jeme da bagaruwa ba ta shiri da ƙarfe mai tsatsa, in sun haɗu da danshi sai ta yi baƙin tabo. Dukawa sun san haka, domin ta wannan hanya ce suke samun kuloko.

Wajen ajiya, kada a jingine sanda a bango, domin bangon siminti yana tsotsar danshi, jinginar kuma tana lanƙwasa itace. A tsai da ita sak a mazauninta, ko a kwantar da ita cikin jaka, a jefa 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi. Kada kuma a bar ta cikin mota a rana.

Idan bakin fatar ya ɗago, a manna shi tun da wuri da ɗan gam irin na masu takalma, a shafa shi siriri da tsinke, a danne. Gam mai kamawa nan take bai dace ba, domin yana sandarar da fata ta karye. In ta tsage ko ta ruɓe, babu sauran magani sai sauyawa, kuma aikin gwani ne, don sai an fere sabuwar ta yi daidai da fuskar itace. Mai saye kuma ya sani ana yin mariƙi da fatar sa, ana kuma yi da ta alade. Ta alade ana gane ta da 'yan ramukan gashi da ke zaune uku-uku. Wanda abin ya dama sai ya duba, ya kuma tambayi mai sayarwa.

Mutumin da ya baro gida don nema ya san zafin kowane kwabo. Goge mariƙi bayan wasa bai fi minti ɗaya ba, kuma shi ne ke sa sanda ta yi shekaru tana kawo kuɗi maimakon ta mutu cikin damina ɗaya. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.