Zango Ɗaya a Jami'ar Waje: Darasin Shirin Erasmus

A 1958 wata ɗaliba 'yar Italiya, Sofia Corradi, ta koma Roma da digiri na biyu daga Jami'ar Columbia ta Amurka. Jami'arta ta gida ta ce ba ta san da wannan karatu ba, sai ta ƙarasa kwasa-kwasanta kamar wadda ba ta je ko'ina ba. Takaicin wannan ne ya sa ta shafe shekaru tana fafutukar ganin jami'o'i sun amince da karatun juna. A 1987 aka ƙaddamar da shirin Erasmus na musayar ɗalibai tsakanin jami'o'in Turai, ɗalibai 3,244 daga ƙasashe 11 suka fita a shekarar farko. Yau waɗanda ke fita duk shekara sun haura 300,000, kuma Tarayyar Turai ta ware wa shirin sama da Yuro biliyan 26 daga 2021 zuwa 2027.

Mene ne ya kawo wannan bunƙasa? Sha'awar ganin duniya daɗaɗɗiya ce a wajen matasa. Sabon abu shi ne tabbacin cewa tafiyar ba za ta ci wa ɗalibi shekara ba. Kafin ya ɗaura jaka, shi da sashensa da jami'ar da za ta karɓe shi sukan sa hannu a takarda guda mai jerin kwasa-kwasan da zai ɗauka a can da waɗanda za su maye a gida. Ma'aunin ɗaya ne a ko'ina: zango maki 30, shekara maki 60. Yarjejeniyar Bologna ta 1999 ta ƙara daidaita tsarin digiri a nahiyar. Don haka ɗalibar injiniya daga Warsaw za ta yi wata biyar a Valencia, ta dawo ta sauke karatu rana ɗaya da 'yan ajinta.

Dalili na biyu aljihu ne. Ɗalibi ba ya biyan kuɗin makaranta a inda ya baƙunta, ana kuma ba shi tallafin 'yan ɗaruruwan Yuro a wata. Sauran dalilan daga wajen makaranta suka zo: buɗe iyakokin Schengen a 1995, takardun Yuro a 2002, da jirage masu araha irin su Ryanair.

Amfanin a fili yake. Wanda bai taɓa kwana nesa da iyayensa ba zai nemi ɗaki, ya yi rajista a ofishin gari, ya raba madafa da firji da mutum huɗu, kowa da harshensa da irin girkinsa. Zai ga cewa wata jami'ar jarrabawar baka take yi, ɗalibi a gaban farfesa ido da ido. Gani ya kori ji. Su ma jami'o'in sun ƙaru, domin malaman da suka yi musayar ɗalibai sukan ƙare da bincike tare.

Sai dai akwai hanzari ba gudu ba. Tallafin ba kasafai yake ɗaukar haya da abinci a manyan birane ba, giɓin kuwa iyaye ke cikewa. Ɗan mai hali ya tafi, wanda ke aikin kanti da yamma don ciyar da kansa ya zauna. Masauki ma ya zama ƙarfen ƙafa: a 2022 Jami'ar Amsterdam ta gargaɗi ɗaliban waje cewa wanda bai sami ɗaki ba kada ya taho. Batun harshe ma da sauran rina a kaba, don baƙi sukan dunƙule wuri guda suna Turanci, har wani ya bar Sifaniya bai iya cinikin tumatir da harshen ƙasar ba. Sannan kwararar ba ta daidaita ba. Birtaniya ta daɗe tana karɓar kusan ninki biyu na waɗanda take turawa, kuma tsada ce hujjar da gwamnatin Boris Johnson ta kafa lokacin da ta janye daga Erasmus a ƙarshen 2020 ta ƙirƙiro shirin Turing a madadinsa.

Daga 2015 an buɗe wa jami'o'in Afirka ƙofar wannan musaya. Abin ba baƙo ba ne a Nijeriya, domin a da ɗaliban Faransanci da Larabci sukan yi shekara guda a ƙasashen da ake jin harshen. Da tsadar canji ta yi yawa, sai aka kafa ƙauyen Faransanci a Badagry a 1991, da na Larabci a Ngala a 1992. Yanzu babban cikas shi ne kalanda. Jami'ar da yajin aiki ya rufe wata 8 a 2022 ba za ta iya yi wa takwararta alkawarin ranar buɗe zango ba. Tafiya mabuɗin ilimi ce, amma tarihin Erasmus ya nuna cewa sai an shirya wa matafiyi dawowa kafin tafiyar ta yi riba.