Matera: garin da aka tashi mutanensa don kunya, yau duniya na zuwa kallonsa

A kudancin Italiya, cikin jihar Basilikata, tafiyar kamar sa'a guda a mota daga birnin Bari, akwai wani gari da ake kira Matera. Tsohon garin yana manne a gefen wani kwazazzabo mai zurfi, wanda mutanen wurin ke ce ma Gravina. Wanda ya hango shi daga tsallake sai ya ɗauka gidaje ne aka jera bisa juna, alhali yawancinsu fuskar kawai aka gina. Ɗakin kansa kogo ne da aka sassaƙa cikin dutse mai laushi, duwatsun da aka fido daga ciki kuma da su aka tada bangon gaba. Rufin wani shi ne hanyar wani. Unguwanni biyu ne, Sasso Barisano da Sasso Caveoso, ana haɗa su a ce Sassi, wato duwatsu. Tsakaninsu, bisa tudu, babbar majami'ar garin ce, wadda aka gama gininta a shekara ta 1270.

Babbar hikimar magina na farko tana wajen ruwa. Ƙasar tana da fari lokacin zafi, dutsen kuma ba ya riƙe ruwa. Saboda haka suka sassaƙa indararo da ƙananan magudanai, ruwan sama ya bi su daga rufi zuwa tsakar gida, ya ratsa ƴan ramukan da ke tace laka, kana ya zuba cikin rumbun ruwa mai siffar tulu da aka haƙa ƙarƙashin ɗaki. In wannan ya cika, ya malala ga na maƙwabci da ke ƙasa. Mafi girma, Palombaro Lungo, yana ƙarƙashin babban dandalin garin, yana ɗaukar wajen lita miliyon 5. An manta da shi shekaru da dama, sai a 1991 aka sake buɗe shi. Ɗakunan ma an haƙa su suna gangarawa ciki, don ranar hunturu, wadda ke tafiya ƙasa-ƙasa, ta kai har ƙurya, ta bazara kuwa ta tsaya bakin ƙofa.

Gidaje kaɗan kan kewaye fili guda su raba rijiya, a nan mata ke aiki, a nan yara ke wasa, a nan kuma ake faɗa a shirya. Burodi a gida ake kwaɓa shi, a kai tanderun unguwa. Kowane gida na da hatiminsa na icce da yake buga ma ƙullin, don kada na wani ya shiga na wani.

To, ina kunyar ta fito? A 1806 aka ɗauke hedikwatar jihar daga Matera aka kai Potenza. Masu hali suka yi ta haurawa sabon gari bisa tudu, talakawa manoma suka yi ta ƙaruwa a ƙasa. Da wuri ya ƙure, sai aka mai da rumbunan ruwa da turakun dabbobi ɗakunan kwana. Iyali guda, da alfadarinsu da kajinsu, cikin kogo ɗaya marar taga. Masassarar cizon sauro da ciwon ido suka yi katutu, jarirai na mutuwa babu ƙaƙƙautawa.

Wani marubuci, Carlo Levi, wanda mulkin Musolini ya kora zuwa wannan jiha a 1935, ya bayyana halin da ake ciki a littafin da ya fitar a 1945, hankalin ƙasa duka ya tashi. Ƴan siyasa suka fara kiran wurin abin kunyar Italiya. Shugaban gwamnati, Alcide De Gasperi, ya zo ya gani da idonsa a 1950, a 1952 kuma aka kafa dokar kwashe mutane. Kimanin mutum 15.000 aka tayar cikin shekarun da suka biyo baya, aka kai su sabbin unguwanni irin su Spine Bianche da ƙauyen La Martella.

Ba a musun cewa tashin ya ceci rayuka: an samu famfo, da makewayi, da iska. Amma an bar jaki an daki taiki, don talauci da cunkoso ne suka kashe yaran, dutse bai yi laifin komi ba. Maƙwabtan da suka shekara da shekaru a tsakar gida guda suka watse cikin benaye. Sassi ya zama kufai wajen shekara talatin, ciyawa ta rufe matakala, ɓarayi suka yi ta ɓamɓare zane-zanen da ke bangon majami'un kogo, waɗanda yawansu a garin da kewayensa ya haura 150.

Sai a 1986 wata doka ta ba da damar a gyara a koma. Wani masanin gini, Pietro Laureano, wanda ya daɗe yana nazarin dausayoyin Sahara, ya gane cewa dabarar tara ruwa ta Matera ƴar uwar tasu ce, kuma a kan wannan hujja ya tsara takardun da suka sa hukumar Yunesko ta saka Sassi cikin kayan gadon duniya a 1993, wuri na farko a kudancin Italiya da ya sami wannan matsayi. A 2019 Matera ya riƙe matsayin babban birnin al'adu na Turai. Masu sinima kuwa sun riga kowa: Pasolini a 1964, da Mel Gibson a filim ɗinsa na 2004, duk sun mai da lungunan garin Birnin Ƙudus.

Yanzu kogwannin da yawa sun zama otel da gidajen abinci, baƙo na biyan kuɗi masu tsoka don ya kwana inda dā alfadari ke kwana. An ajiye wasu ɗakunan yadda suke, da gado mai tsawo da sakaina da tulu, ana biya a shiga kallo. Da yawa daga cikin jikokin waɗanda aka tayar suna zaune a sabon gari. Hatiman burodi kuma ana sassaƙa su har yanzu, ana saida ma ƴan yawon buɗe ido a matsayin tsaraba.