Ɗan Ƙaramin Kan Jirgin Da Ya Fara Busa A Arewa

Yawancinmu na ƙasar Zamfara in an ce jirgin ƙasa, sai mu tuna da dogon da ya bi ta Tsafe da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Amma kafin wannan da shekara 28, akwai wani ɗan ƙaramin kan jirgi da ya riga shi busa a Arewa.

A 1901 Gwamna Lugga yana shirin mai da Zungeru hedkwatarsa, ga shi kuwa jiragen ruwa ba su iya kaiwa can ta kogin Kaduna. Sai aka shimfiɗa siririn dogo daga Wushishi zuwa Zungeru, daga baya aka ƙara shi har Barijuko, wajen mil 22. Faɗinsa ƙafa biyu da rabi ne kawai, na Gusau kuwa ƙafa uku da rabi. Kamfanin Hunslet na birnin Lids a Ingila shi ya ƙera kawunan jirgi biyu domin wannan aiki.

Irin wannan kan jirgi ba ya jan taragon ruwa a bayansa. Ruwansa yana cikin tankuna a gefen tukunyarsa, makamashinsa kuma a jikinsa yake. Saboda haka ba shi da tsawo, yana shan kwana cikin sauƙi, amma guzurinsa kaɗan ne, dole ya riƙa tsayawa shan ruwa.

Da babban dogo ya iso Zungeru, sai aka kwashe ƙarafan, aka kai su sabon layin Zariya zuwa Jos da Bukuru, wanda aka gama a 1914. Dā a ka ake ɗaukar kuza har Loko a bakin Binuwai. Jirgi ya sauke wa 'yan dako wannan kaya, amma wahala ba ta ƙare ba, gama daga 1942 zuwa 1944 an yi ɗibar gwamna, aka kwashi talakawa ala tilas zuwa haƙar kuza, da yawa kuwa ba su komo gida ba.

An rufe layin a 1957. Ɗaya daga cikin kawunan nan na Wushishi aka ajiye shi a tashar Minna domin tarihi.

Iyaye, in akwai tsohon da kakansa ya je kuza a gidanku, ku zaunar da yara su ji daga bakinsa tun yana da rai. Ƙarfe yana jira, mutum ba ya jira.