Madatsar Shiroro da Gonakinmu

'Yan'uwa manoma, madatsar ruwa ta Shiroro tana kan kogin Kaduna, cikin Jihar Neja, kudu da mu. An buɗe ta a 1990. An tare kogin a inda ya matse tsakanin duwatsu, ya zama babban tafki. In an saki ruwan, sai ya gangara da ƙarfi, ya juya injuna huɗu masu ba da lantarki megawat 600.

Mutanen Zumba da Galadiman Kogo sun sami wurin kamun kifi. Amma tafkin ya cinye gonaki da yawa. In kuma ya cika a watan Agusta ko Satumba aka buɗe ƙofofi, ruwa kan mamaye shinkafa da masarar ƙauyukan da ke gangare.

Laka ita ke ƙara wannan ɓarna. Ƙasar da ruwan sama ya kwashe daga gonakin tudu, cikin tafki take kwantawa, ta rage masa zurfi. Manomi ya yi hasarar ƙasa mai albarka, na gangare ya sha ambaliya. Haka abin yake ga madatsar Bagoma ta Birnin Gwari.

Don haka mu na Kakangi mu riƙa yin kunyoyi a gicciye, kada su bi gangare. Mu bar itatuwan bakin rafi. Kowace ƙungiya ta tattauna wannan kafin damina.