Ƙurajen Fuskar Manyan Mata: Ciwo Na Ciki, Ana Neman Maganinsa A Kasuwa

A garin Lafiya, hedkwatar Jihar Nasarawa tun shekarar 1996, idan zafin watan Fabrairu da Maris ya kankama, da wuya mai kemis ya wuni bai ga macen da ta zo neman maganin ƙurajen fuska ba. Abin lura shi ne da yawa cikin masu zuwan nan sun daɗe da wuce ƙuruciya. Akwai matan aure, da ma'aikatan gwamnati, da malaman makaranta, waɗansu ma da 'ya'ya uku ko huɗu. Yawancinsu sun tashi da jin cewa ƙurajen balaga kan tafi da kansu in an girma, sai ga shi suna fama da su a shekara talatin da 'yan kai.

Likitocin fata suna bambanta irin waɗannan ƙuraje da na 'yan mata. Na manya sun fi fitowa a haɓa da muƙamuƙi da saman wuya, suna da zurfi da zafi, galibi ba su yin baki, sa'an nan sukan tsananta kamar mako guda kafin jinin al'ada. Tushensu yana cikin jini. A jikin kowace mace akwai ɗan kaɗan na sinadarin nan da ya fi yawa a jikin maza, wanda likitoci ke kira androjin. Shi ne ke umartar fata ta fitar da maiƙo. In ya yi yawa, ko kuwa fatar ta cika saurin amsa masa, sai maiƙo ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofofin gashi, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama, wurin ya kumbura. Zafin kwarin Binuwai da gumi da hoda mai kauri suna ƙara wa abin ƙarfi, amma ba su ne mafarinsa ba.

Haka kuma gyaɗa, wadda aka daɗe ana ɗora wa laifi. Mace takan bar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa wata da watanni, fuska tana nan yadda take. Abin da bincike ya fi nunawa shi ne kayan zaƙi da lemon kwalba da madarar shanu suna iya taɓa waɗansu mata.

Babbar ɓarnar kuwa a wurin neman magani take aukuwa. Abin da aka fi miƙa wa mace a kemis ko a shagon kayan kwalliya shi ne ɗan bututun man shafawa mai haɗin magani uku, ko kuwa man da masu haɗe-haɗe suka dama da hannunsu, babu suna babu takarda. A cikin irin waɗannan sau da yawa akwai sitiroyid mai ƙarfi, kamar kilobetasol ko betametason. A makon farko kumburi kan kwanta, fuska ta yi haske, har maƙwabta su fara tambayar sirrin. Bayan 'yan watanni sai fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, wasu sababbin ƙuraje ƙanana masu kama da juna su rufe goshi da kumatu. In ta daina shafawa fuskar ta yi ja tana ƙuna, saboda haka sai ta koma ta sayo wani. Ta haka mace da ta fita neman maganin ƙuraje takan wayi gari cikin masu bilicin ba da niyya ba. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2011 ya ce kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna amfani da man ƙara hasken fata, kuma a shekarar 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana al'amarin a matsayin matsalar gaggawa ta lafiyar ƙasa.

Lalle ba a ga laifin matan ba. A baƙar fata kowane ƙurji in ya warke yakan bar baƙin tabo da zai yi watanni bai gushe ba, kuma tabon ya fi ƙurjin damun mai shi, balle in biki ya matso ko akwai abokiyar zama a gida.

A asibiti, tambayar da likita zai fara yi ita ce ko akwai ciki, ko ana neman sa, ko ana shayarwa, domin amsar ita ce ke yanke irin maganin da za a bayar. Sa'an nan ya tambayi yadda al'ada take zuwa. Macen da al'adarta ke tsallake watanni, gashi yana tsiro mata a haɓa, jiki yana ƙara nauyi, haihuwa kuma ta yi jinkiri, mai yiwuwa ne ƙurajenta alama ce ta wata cuta ta ma'ajiyar ƙwan mace, wadda likitoci biyu na Amurka, Stein da Leventhal, suka bayyana a shekarar 1935. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen mace ɗaya cikin goma na masu shekarun haihuwa tana da ita, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Tana da dangantaka da ciwon sukari, don haka gano ta ya fi gyaran fuska muhimmanci.

Wata tambayar ita ce hanyar tazarar haihuwa. Allurar wata uku da ashanar fata, waɗanda ake bayarwa a ƙananan asibitoci ko'ina cikin jihar, sukan tayar wa waɗansu mata da ƙuraje. Ƙwayar sha ta kullum mai sinadari biyu kuwa rage su take yi, har likitoci kan ba da ita domin wannan, sai dai ba ta dace da mai hawan jini ba, ko mai ciwon kai na ɓari ɗaya mai zuwa da gilmawar haske a ido, ko wadda jininta ya taɓa daskarewa a jijiya.

Na shafawa da aka tabbatar da amfaninsu su ne benzoyil feroksaid da adafalin, na biyun da dare kaɗai kuma ban da mai ciki. Akwai kuma azelayik asid, wanda mai ciki ke iya shafawa, yana kuma rage tabo. Ƙwayoyin kashe cuta irin su doksisaikilin ana ba da su na wata uku ko huɗu ne kawai, alhali kuwa akwai matan da ke sayen su da kansu suna sha shekara guda.

Maganin da ya fi jan hankalin likitoci a 'yan shekarun nan tsoho ne mai araha, wato sifironolakton, wanda asalinsa na hawan jini ne da kumburin jiki. Yana tare wa androjin hanya a fata. A shekarar 2023 aka buga sakamakon wani gwaji da Jami'ar Southampton ta Ingila ta jagoranta a kan mata 410. Bayan mako 24, kashi 82 cikin ɗari na waɗanda suka sha shi sun ce fuskarsu ta gyaru, a ɓangaren da aka ba ƙwayar da babu magani a ciki kuwa kashi 63 ne. Ba a shan sa da ciki, kuma mai ciwon ƙoda sai an auna jininta tukuna. Ga ƙuraje masu tsanani da ke barin ramuka akwai aisotiretinoyin, wanda ke nakasa ɗan tayi ƙwarai, don haka sai a hannun ƙwararren likitan fata.

Duk waɗannan magunguna sai an yi mako takwas zuwa goma sha biyu kafin a ga canji sosai, wani lokaci ma fuskar takan ɗan ƙara tashi a makonnin farko. Nan ne mata da yawa ke karaya su koma wa mai bututu. Likitocin fata kuma ba su da yawa a ƙasar nan, galibinsu suna manyan asibitocin koyarwa, har wata macen Lafiya takan nufi Jos ko Abuja kafin ta ga ɗaya. Amma likitan asibitin gari ko likitan mata yana iya yin tambayoyin nan, ya auna jini, ya fara magani. Wadda ta daɗe tana shafa mai sitiroyid kuwa ya kamata ta tafi da bututun a jaka ta nuna, domin janye shi a hankali ake yi, a kan makonni.