Motar Tsere Mai Ƙafa Shida

In an ce mota mai ƙafa shida, sai a zaci ta ɗaukar kaya ce. To, a shekarar 1976 kamfanin Tyrrell na Ingila ya fito da irinta a tseren Formula 1, mai suna P34, mazaunin mutum ɗaya tak gare ta.

Injiniya Derek Gardner ne ya tsara ta. Ya sa mata ƙananan ƙafafu huɗu a gaba, kowace inci 10, don kada iska ta riƙa danne mata gudu, kuma birki ya ƙara kamawa. Injinta Ford ne mai silinda 8.

Da fari wasu sun yi mata dariya. Amma a tseren ƙasar Suwidin na shekarar, Jody Scheckter ya zo na ɗaya da ita, Patrick Depailler kuma na biyu.

Sai dai nasarar ba ta ɗore ba, domin masu yin taya ba su inganta ƙananan tayoyin ba kamar yadda suka yi wa manya. A ƙarshen 1977 aka jingine ta. Har yau ita kaɗai ce mai ƙafa shida da ta taɓa cin wannan tsere.